Kwalliyar Sabon Babur: Me Ya Kamata a Fara Saya?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ma'aikata da dama a Kaduna suka jingine motocinsu, suka koma kan ƙaramin babur ɗin nan da ake kira roba-roba. Ina cikinsu. 'Yan makonnin da na yi ina hawansa daga Unguwar Boro zuwa cikin gari sun nuna mini alfanunsa: ba ya shan mai sosai, cunkoson Sabon Tasha kuma ba ya tsare shi. Sun kuma nuna mini rauninsa. Tayoyinsa ƙanana ne, ramin da mota za ta taka ta wuce yana iya kayar da shi, ga shi a hanyar Kachiya tankoki da tireloli ne abokan tafiya.

Shi ya sa al'adarmu ta kwalliya take ba ni mamaki. Mai sabon babur zai bar ledar kamfani a jiki, ya sayi rigar kujera da fitilu masu walƙiya, sannan ya kwance madubai, wai suna rage kyau. Hular kwano kuwa, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sanyawa tun Janairun 2009, sai ya ce zafi gare ta.

A ganina, an sa na ƙarshe a farko. A fara da hular kwano mai inganci, a bar madubai inda suke, a ƙara akwatin baya domin kaya su daina lilo a hannun babur. Abin da ya rage sai a yi ado da shi. Roba idan ta fashe akwai wata a kasuwa, amma kan mutum ba shi da safaya.