Zauren Kwalliya: Hular Gashi Ga Wadda Gashinta Ya Zube

Da na yi niyyar ƙarasa bayanin haɗin turaren wuta da na faro a fitowar da ta wuce, to sai wani abu ya faru a danginmu wanda ya sa na ce bari in ajiye wancan tukuna.

Bari in fara da laifinmu mu marubuta. Duk littafin da kika ɗauka, har da nawa ban cire kaina ba, yarinyar da ake so doguwa ce mai gashi har gadon baya, baƙi wuluk kamar na Indiyawa. Ban taɓa rubuta wadda gaban goshinta ya cinye ba, alhali kuwa da za a ce matan gidan biki duk su zame ɗankwali, da an sha kallo.

Ɗiyar ƙanwar mahaifiyata ce a Kurfi aka sa wa rana. Biki saura sati uku ta iske ni Dutsin-Ma, ta ja ni ƙuryar ɗaki ta cire ɗankwali. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Daga kunne zuwa kunne, faɗin yatsa uku, babu gashi ko ɗaya. Tun tana firamare ake yi mata kitso ƙanana ana ja har ta kasa runtse ido, da ta girma kuma ta ɗora da rilaksa kusan duk wata. Ta ce, "Yaya, ya zan yi ranar da zai ce in buɗe kaina?" Na ce ta ba ni kwana biyu mu yi shawara. Ba ta jira ba. Ƙawaye suka kai ta wani shago aka manne mata hular gashi da baƙin gam, ga shi cikin bazara ne, zafin Afrilu da kuka sani. Kwana tara tana ɗauke da ita, har ta tare. Kan ya yi ƙuraje ya fara tsatsar ruwa, ƙaiƙayi ya hana ta barci, cikin dare ta sa hannu ta fizge, gam ɗin ya tafi da ɗan gashin da ya rage. Abin da ake ɓoye wa ango ya gan shi a mafi munin kamanni. Shi kuwa ba rashin gashin ne ya ɓata mai rai ba, cewa ya yi, "Ashe kwana tara ɗin nan a kan gam kike shafar kai in za ki yi alwala?" Ta rasa bakin magana.

To a nan gizo ke saƙa, don haka ba zan tsallake ba. Hadisi ya tabbata cikin Buhari da Muslim daga Asma'u ɗiyar Abubakar, cewa wata mata ta nemi a bari ta yi wa ɗiyarta amarya ƙarin gashi saboda ciwo ya zubar da nata, Annabi (SAW) ya hana, har ya tsine wa mai ƙarin da wadda aka yi wa. Saboda haka wadda Allah ya ba gashinta, ni ba da ita nake ba. Amma akwai malaman da suka bambanta neman ƙarin ado da rufe tawaya, irin su Shaihu Ibn Usaimin na Saudiyya wanda ya rasu a 2001, da ya ga babu laifi ga matar da kanta ba gashi ta sa hula don kawar da aibi. Ni ba malama ba ce, ki kai wa malamarku ta Islamiyya naki bayanin yadda yake. Abin da dai kowa ya sani, a mazhabarmu ta Malikiyya shafar kai gaba ɗaya farilla ce a alwala, a wankan tsarki kuma dole ruwa ya kai ga fata. Kin ga ke nan duk abin da ba zai ciru sau biyar a yini ba, ba naki ba ne.

Kafin ki kashe kuɗinki, ki san abin da ya zubar da gashin. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, wannan ba ciwo ba ne. Mai jego takan ga gashi yana bin mataji wata uku ko huɗu bayan haihuwa, mafi yawa kuma kafin yaro ya shekara ya dawo, ita haƙuri ne nata. Haka wadda ta tashi daga zazzaɓi mai tsanani ko take da ƙarancin jini. Mai shan maganin ciwon daji ita ma nata yana tsirowa bayan an gama maganin. Makero kuwa sai an sha magani na makonni, shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi, kuma in kika rufe shi da hula kin ba shi gida. Ki je Babban Asibitin Dutsin-Ma a duba, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ki Katsina wurin likitan fata. Na kitso shi ne mai ban tausayi, domin in an daina ja da wuri yana dawowa, in kuwa aka bari har fatar ta yi sumul tana sheƙi, saiwar ta mutu.

Sai zaɓen hula. Iri biyu ce. Akwai ta zaren roba, wadda muke ce wa gashin doki ko da yake ba ruwanta da doki; sanannen zarenta Kanekalon ne, na wani kamfanin Japan tun 1957. Tana da sauƙin kuɗi, kuma ko an wanke tana komawa yadda take, sai dai wuta ce ajalinta, kika duƙa kan murhu ko kika buɗe tukunya tururi ya buge ta, gaban zai ƙanƙance ba gyara. Akwai kuma ta gashin mutum, yawanci daga Indiya, mai tsada, wadda kuma maganar malamai ta fi tsanani a kanta. Ga mai farawa ni ta robar nake zaɓa mata, gajera wadda ba ta wuce wuya ba, baƙa marar ƙyalli. Doguwa a ƙarƙashin hijabi cukurkuɗewa take yi a ƙeya cikin kwana biyu. Ki ari tef ɗin tela ki zagaya kanki daga goshi ta bayan kunne zuwa ƙeya, yawancin mata sukan faɗa tsakanin santimita 54 da 57, ki tafi da awonki. Mataji da hular raga kina iya dubawa ranar Laraba a kasuwarmu, amma ita hular gara ki bari sai kin shiga Katsina, ko ki ba mai zuwa Sabon Gari ta Kano sautu. Ki juya cikinta ki duba a sami ragar da iska ke shiga da igiyar roba mai ƙugiya a baya.

Wajen sawa, ki wanke kai ki bari ya bushe ƙarau. Gashin da ya rage a yi mai manyan kitso huɗu ko shida zuwa baya, sako-sako, wanda ko kin ɗaga gira ba za ki ji ja ba. Ki ce wa mai kitso, "Inna, a bar mani na gaban nan kada a kama," ko za ta ji haushi. Ki sa hular raga, sannan ki riƙe hular gashin ta gefe biyu, ki duƙar da kai ki fara ɗora ta daga goshi ki ja zuwa ƙeya, ki daidaita gefunan kan kunnuwa, ki ɗaure robar baya daidai yadda yatsa ɗaya zai shiga. Ki bar wajen yatsa huɗu tsakanin gira da bakin hular, in kika sauko da ita ƙasa ko yaro ya san ba naki ba ne. Ƙananan matajan da ake ɗinkawa a ciki kada ki soka su inda gashi ya yi rauni, su ma cinye shi suke yi. Ni da reza na warware na ƙanwar tawa, muka sa mata ɗaurin kai mai laushi irin na karan-miski wanda ke riƙe hula ba zamewa. Gam kuwa, baƙin nan akwai ruwan roba a cikinsa wanda jikin wasu ba ya so sam. In ƙaddara ta riga ta sa an manna maki, kada ki fizga. Ki jiƙa bakin da man zaitun ki jira ya saki da kansa, kina ɗagawa kaɗan-kaɗan.

Kada ki kwana da ita. Da dare ki cire, ki taje da mataji mai manyan haƙora daga ƙasa kina hawa sama, ki ɗora kan ƙwarya da aka kife. Da bazara ki wanke duk bayan sawa shida ko bakwai, da hunturu kuma ƙura ce za ta gaya maki lokaci. Ruwan sanyi a roba, ɗan shamfu, ki jiƙa minti biyar ki ɗauraye, ba cuɗawa ba murɗawa, ki tsane da tawul ki shanya a inuwa. Kada ki shafa mata man shanu ko man kaɗanya, ita ba ta sha, datti kawai zai kama. Man na fatar kanki ne, shi ma kaɗan. Hular raga ki sami biyu kina canzawa kullum. Kuma ba a aron hular gashi, ko ta uwa ɗaya uba ɗaya, ƙwarƙwata da makero ta nan suke bi.

Jiya ƙanwar tawa ta zo daga Kurfi, maigidan ne da kansa ya kawo ta ganin likita karo na uku. Wata biyar ke nan ba kitso ƙanana ba rilaksa, da karkashi take wanke kai. Gefen hagu ya fara fitar da gashi mai laushi kamar na jariri, kin san gashi santimita ɗaya yake yi a wata, sai a hankali. Gefen dama kuwa likita ya ce kada ta sa rai sosai. Hular tana kan ƙwarya a bayan gado, da yamma in ta yi wanka ta ɗauka ta sa, da an kira magariba ta cire. Ta kuma sa na yi mata alkawari littafina na gaba yarinyar ba za ta yi gashi har gadon baya ba.

A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu koma kan turaren wuta.