Ciwon sukari a Adar: a shigo da mai girki ɗakin likita

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin kasuwar Tawa da ofisoshin gwamnati ya san aƙalla mutum guda da aka ce yana da ciwon sukari. Alhaji ne ko ma'aikaci, ya tafi asibiti shi kaɗai, aka auna jininsa tun bai karya kumallo ba, aka tarar sukarin ya haura giram 1,26 a lita, aka sake awo aka tabbatar. Likita ya jera masa sharuɗɗa: ya rage zaƙi, ya rage tuwo da shinkafa, ya riƙa tattaki, ya sha magani kan kari. Ya ninke takarda ya sa aljihu, ya koma gida. To, a gidan wa ke dama fura, wa ke tuƙa tuwo? Wadda ludayi ke hannunta ba ta ji ko kalma guda daga bakin likita ba.

Lamarin ya wuce wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2024 cewa manya masu wannan cuta sun zarce miliyan 800 a duniya, kuma fiye da rabinsu ba su samun magani. Cuta ce ta zama da ita har iyakar rai. Mai ita yakan ga likita na ƴan mintoci cikin watanni, sauran kwanakin duka a gida yake yin su. Ashe ke nan jinyar gaskiya a tsakar gida take.

Mu dubi gidajenmu na Adar yadda suke. Magidanci mai mata biyu ko uku, kowace da ranar girkinta. In uwargida ta san sharaɗi amarya ba ta sani ba, kwana biyu yana kan hanya, kwana biyu ya kauce. Ga kuma gasar kyautata wa maigida, wadda a wurinmu ma'aunin ta shi ne maiƙo da zaƙi. Matar da ta rage sukari a fura sai a ce rowa take ko ƙauna ta ragu, muddin ba likita ne ya faɗa gaban kowa ba. Alhali abin da ake bukata yana cikin kasuwarmu: wake, zogale, kuɓewa, albasa, da hatsin da ba a cika surfe shi ba, a ci daidai gwargwado.

In mace ce ke da ciwon, wahalar ta ninka. Kuɗin awo da na magani a hannun miji suke, izinin fita ma haka. Sau da yawa mijin ya tafi cin rani Abijan, Libiya ko Najeriya, ya bar ta a wani ƙauyen Keita ko Buza da ɗan abin da yake aikowa. In bai fahimci cewa maganin nan ba a yanke shi don an ji sauƙi ba, zai lissafa shi cikin abin da ake iya jinkirtawa. Tsarin magani kyauta da aka soma a 2006 yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu ya fi shafa. Babba mai ciwon sukari aljihun gidansu ne gatansa.

Akwai abubuwan da abokin zama kaɗai ke iya gani. Mai allurar insulin, ko mai shan wasu ƙwayoyin, sukarinsa na iya faɗuwa farat ɗaya, musamman in ya tsallake abinci ko cikin azumi: zufa, makyarkyata, ruɗewar magana. Wanda ya sani zai jiƙa dunƙule uku na sukari ya ba shi nan take. In ya suma ba a ɗura masa komi, asibiti ake yi da shi. Wanda bai sani ba sai ya ce iska ce. Haka ƙafa: cutar tana kashe jijiyoyin ji, ƙaya ta soki mutum bai sani ba, ƙaramin miki ya kai ga yanke ƙafa. Duba tafin ƙafa kowane dare aikin minti guda ne. Insulin kuma zafi na lalata shi. Inda babu firigo, sanyin gindin randa ya fi aljihun riga.

Wasu za su ce ciwo sirri ne, kuma namiji ba ya son matarsa ta zame masa ɗan sanda a bakin akushi. Gaskiya ne, tsangwama ba ta warkar da kowa, kuma ba a shigo da kowa sai da yardar majinyaci. Amma ɓoyewar ma tana da kuɗinta. Cutar kan raunana namiji a shimfiɗa. Matar da ba a yi wa bayani ba sai ta zargi kishiya da sammu, aure ya girgiza kan abin da likita ke iya taimakawa.

Ba sabon abu muke nema ba. A 2008 aka kafa makarantun mazaje a jihar Damagaram tare da hukumar UNFPA, don maza su sa hannu a lafiyar matansu wajen ciki da haihuwa, daga baya tsarin ya bazu zuwa wasu jihohi. Me zai hana a yi irinsa kan ciwon sukari da hawan jini? Muna kira ga hukumomin lafiya na jihar Tawa, tun daga babban asibitin jiha har ƙananan asibitocin Abalak da Ilela, su mayar da shi ƙa'ida: ranar da za a yi wa majinyaci bayanin farko, a nemi ya zo da matarsa, ko matansa duka, ko mijinta, a yi bayani da Hausa ko Tamashek. Gidajen rediyo da limamai su taya, kada a jira sai 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya.

Ku kuma ƴan kasuwa da ma'aikata, kofi ukun nan na shayi da ake sha a bakin shago da ƙofar ofis, ba matanku ke zuba masa sukari ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda zai koma awo wata mai zuwa, ya tafi da mai girkinsa.