Kayan Sallah da hutun 'yan ci-ranin Chaina

Wani abokin cinikina a Kwatano har yau bai huce ba. Ya ba da odar takalman yara da safa a Janairun 2026, ya biya kafin alƙalami, ejan ya ce masa an kusa gamawa. Kwantenar ba ta iso ba sai bayan Ƙaramar Sallah. Shi dai cewa yake an cuce shi. Na ce masa, Alhaji, ba lallai cuta ba ce, masu ɗinkin ne suka tafi gida.

Yawancinmu Yiwu kawai muka sani, saboda nan kasuwar take, mai shaguna sama da 70,000. Amma Yiwu rumfa ce, kayan daga garuruwan lardin Zhejiang suke zuwa, kowane gari da sana'arsa. Safa daga Datang ta Zhuji, yadi daga Keqiao, filas da ƙofofin ƙarfe daga Yongkang, fanka da dutsen guga daga Cixi, takalma kuwa Wenzhou ta yi suna a kansu. Da yawa ƙananan masana'antu ne na iyali, wannan ya saƙa, wancan ya rina, na gaba ya ɗaure a kwali. In ɗaya ya rufe, sauran sun tsaya.

To su wa ke zaune a kan keken? 'Yan ci-rani ne kamar mu. Daga Anhui, Jiangxi, Henan da Guizhou suke zuwa, da yawansu ana biyansu gwargwadon abin da hannunsu ya fitar. Tsarin rajistar mazauni da suke kira hukou ya sa samun makaranta da asibiti a garin aiki yana yi wa baƙo wuya, don haka wasu a ƙauye suke barin yara wajen kakanni. Sau ɗaya a shekara suke ganinsu, lokacin sabuwar shekararsu ta gargajiya. Wanda ya shekara a Duwala ko Kumasi bai ga 'ya'yansa ba, ya san babu kuɗin da zai hana mutum wannan tafiyar.

Hutun gwamnati kwana kaɗan ne, amma ma'aikata tun mako biyu kafin bikin suke fara zarewa, kuma ba sa cika dawowa sai an yi bikin fitilu, kwana 15 da shigar shekarar. Wasu ma ba sa dawowa sam. Yanzu akwai masana'antu a lardunansu, matasa kuma sun fi son kai saƙo a babur da tsayuwa a gaban inji. Ga shi a 2022 yawan mutanen Chaina ya ragu, karo na farko cikin kusan shekara 60. Mai masana'anta sai ya ƙara albashi, ya ɗauki sabbin hannu. Shi ya sa ni kam ba na son kayan da aka fara yi bayan hutu, ɗinkin yakan karkace, farashin kuma ya ɗan motsa.

Abin da ya sa na ɗauko maganar yanzu shi ne kalandarmu da tasu sun haɗu. A 2026 bikinsu ya faɗo 17 ga Fabrairu, daf da fara azumi. A 2027 zai zo 6 ga Fabrairu, azumi kuma ana sa ran kamawarsa cikin kwanakin nan, Sallah wajen 10 ga Maris. Jirgi daga Ningbo zuwa Lome ko Tema yakan ci wata ɗaya da rabi, wani lokaci ya fi, ban da jiran kwastan da hanyar mota zuwa Maraɗi ko Kano.

Ku lissafa da baya. Kayan da kuke so su shiga kasuwa farkon azumi, ya kamata su bar tashar ruwa a Disamba, odar kuwa a ba da ita tun Oktoba. Hajiyoyi masu adashin kayan Sallah, a matso da kwasar. In za ku yi magana da ejan, ku bar tambayarsa ranar da kasuwa za ta rufe, ku tambaye shi ranar da masu ɗinkin suka yanki tikitin komawa gida.