Kama da wane ba wane ba ne

'Yan uwana ɗalibai, da yawanmu mun ɗauka darasin rarraba halittu gida-gida haddar sunaye ce kawai don jarrabawa. Ni ban yarda ba, kuma wasu macizai ne dalilina.

Sirara ne masu tsinin baki, in sun lafe a bishiya sai ka ce reshe. Akwai Ahaetulla a Indiya da Sirilanka, Thelotornis a Afirka, sai Oxybelis a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Wanda ya ga hotunansu zai rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Amma binciken ƙwayoyin gado ya nuna kowanne da danginsa. Zaman bishiya da farautar ƙadangaru ne suka sa suka yi kama a hankali.

Na Indiya in ya yi sara, yawanci zafi ne da kumburi, su wuce. Na Afirka kuwa dafinsa yana hana jini daskarewa, kuma ba shi da allurar dafi tasa. Shi ya kashe Robert Mertens, Bajamushe masanin macizai, a 1975. Masani fa! Kuma akwai wani nau'insa a dazukan kudancin Nijeriya.

To, yaro ya kalli bidiyon ɗan Indiya yana wasa da nasu a waya, ya je hutu Kudu ya kama namu, wa gari ya waya?

Malamanmu na kimiyya, don Allah in za a ba mu sunayen nan, a haɗa mana da hotuna da dalilin raba su.