Akwatin Baba Saja

 

Kowace shekara, ran 28 ga Fabrairu, hukuma kan ajiye furanni a mararrabar Osu da ke Akra, inda aka harbe tsoffin soja uku a 1948, watau Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Sun fito ne tare da 'yan'uwansu da suka dawo daga yaƙin Hitila, za su kai wa Gwamna kukansu a kan haƙƙin da aka yi musu alkawari, sai wani Baturen 'yan sanda mai suna Imray ya buɗe musu wuta. Tarzomar da ta biyo baya ita ta gaggauta tafiyar da ta kai mu ga 'yancin kai a 1957. Wannan kowane ɗan firamare ya haddace shi, mu ma da ke riƙe da alli muna koyar da shi. Abin da ba ya cikin littafin makaranta shi ne labarin tsoffin sojan zango.

Kusan kowane zango ya yi nasa Baba Saja. Mu a unguwarmu mun taso mun tarar da namu, dogon dattijo mai miƙaƙƙen baya, wanda ba za mu ambaci sunansa ba tun da iyalinsa na nan. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Rayuwarsa ta bi hanyar da ta ɗaruruwan irinsa ta bi: soja, sa'an nan ɗan sanda, sa'an nan fansho da bindigar farauta da tarin jikoki.

Ba shi ya fara ba. Tun 1874, lokacin yaƙin Ingilishi da Asante, akwai dakarun da ake kira Hausawan Glover, kuma shekaru masu yawa Hausa ce harshen bariki. Alhaji Grunshi, wanda aka ce shi ya yi harbin farko a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, a ƙasar Togo cikin Agusta 1914, sojan rundunar ƙasar nan ne. A yaƙi na biyu kuwa, mutanenmu sun yi Habasha, daga baya aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, suka shiga dajin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. A kwarin Kaladan babu hanyar mota. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo su, sauran kaya kuwa a ka ake ɗauka. Duk wanda ya ji sunan Burma Camp a Akra, ko barikin Myohaung a Takoradi, to, daga can sunayen suka fito.

Baba Saja bai cika son zancen Bama ba. In yara sun matsa masa, ruwan sama yake ba su labari, da matsattsaku, da yadda takalmi ke ruɓewa a ƙafa. Jafanawa kuwa, sai ya ce su ma 'ya'yan wasu ne, ya canja magana.

Aikin ɗan sanda shi ya fi yawan faɗi. A zamanin Turawa an raba 'yan sanda: masu ilmin boko su ke rubuta ƙara a ofis, 'yan sandan rakiya kuwa, waɗanda yawancinsu mutanen arewa ne da tsoffin soja, su ke raka kuɗin gwamnati da fursunoni, su ke gadi, su ake turawa in rikici ya tashi. Kada mu yi wa tarihi kwaskwarima, jama'a sun ji tsoronsu, wasunsu kuma sun yi zalunci da kulki. Amma cikin mutanen arewa da suka sa wannan kaki aka sami Salifu Dagarti, wanda ya rasa ransa yana kāre Nkrumah a Flagstaff House ran 2 ga Janairu 1964. Namu dattijon bai kai wannan matsayi ba. Abin da aka shaide shi da shi, ko bayan ya ajiye aiki, in an kama ɓarawo a unguwa ba ya bari a taɓa shi. Sai ya riƙe masa hannu da kansa har caji ofis, matasa na biye suna gunaguni.

Daji kuwa, nan ne hutunsa. Ya san sawun gada da na gyazbi, ya san ƙasar da za a tona a sami ruwa. Da damina ta yi nisa yakan rataye bindiga, ya ce dabba mai ciki ba nama ba ce. Dokar ƙasa ma haka ta ce, domin an hana farautar yawancin namun daji daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, sai dai mafarautan yanzu da ke cinna wa daji wuta saboda gyazbi ɗaya ba su san da zaman dokar ba.

To, wannan mutum da manya ke shakka, a hannun jikoki ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Jikanyarsa amaryarsa ce, jikansa namiji kuwa abokin takara da ya zo ƙwace masa gida. Ranar karɓar fansho, kafin ya iso ƙofa an yi masa kwanton ɓauna, kuɗin koko da ƙosai sai sun fita. Shi ke raka su makarantar allo, shi ke duba ko an yanke farce.

Ga abin da ya sa muka ɗauko wannan zance. Irin waɗannan dattawa kowannensu yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. A ciki akwai littafin sallama daga soja mai ɗauke da lambarsa, da lambobin yabo irin su Tauraron Bama, wani lokaci da hoto ɗaya. Da mai akwati ya kwanta dama, sai a raba tufafi, takardu kuwa a bar wa gara, lambobin su zama abin wasan yara.

Hasarar ba ƙarama ba ce. Magatakardan Turawa ba su damu da sunan uba ba. Sunan mutum suke rubutawa su liƙa masa ƙabilarsa: wane Moshi, wane Zabarma, wane Kanjaga, wane Hausa. Masu suna iri ɗaya ba su ƙirguwa, saboda haka in lambar ta ɓata, da wuya a sake gane wanda ake nufi a rajista. Mu kuwa mutanen zango mun san ranar takarda. Dattawanmu ba su manta da Nuwamba 1969 ba, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa izinin zama mako biyu su bar ƙasa. Har gobe ana samun mai tambayar ɗan zango daga ina kakansa ya zo. Littafin sallama ba katin ɗan ƙasa ba ne, amma yana nuna inda kakan ya je a madadin ƙasar nan, da shekarar da ya je.

Saboda haka muna roƙon iyaye mata, tun da galibi su ke riƙe da makulli, a buɗe akwatunan nan. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a rubuta cikakken sunan mai littafin da na mahaifinsa da garinsu na asali, a sa takardun cikin leda. 'Yan'uwanmu malamai kuma, in Fabrairu ta zo, bayan sunayen nan uku na allo, a tura yara gida su tambayo ko akwai soja a zuriyarsu.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.