A Gwada Bayanin Kafin a Zargi Manhaja

A ƙa'idar MCP ta haɗa manhaja da kayan aiki, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, manhajar ƙirƙirarriyar basira tana sanin kayan aiki ne ta sunansa, ɗan bayaninsa, da jerin abin da yake karɓa. Idan bayanin bai faɗi tsarin rubuta kwanan wata ba, ko bai yi gargaɗin cewa kayan aikin yana goge fayil ba, ɓarna na tafe. Wasu na cewa manhajar za ta gane da kanta, amma ɗan aike komai wayonsa bai san abin da ba a gaya masa ba. Don haka a auna bayani da aiki: a ba manhajar ayyuka na gaske, a ƙirga kurakuranta, a gyara rubutun, sannan a miƙa wa jama'a.