Hatsarin jirgin Emiliano Sala: gubar da ba ta da wari

A daren 21 ga Janairun 2019, ƙaramin jirgi ƙirar Piper Malibu da ya ɗauko ɗan ƙwallo Emiliano Sala daga Nantes ta Faransa zuwa Cardiff ya faɗa teku kusa da tsibirin Guernsey. Da farko hankali ya karkata ga matuƙin, David Ibbotson, wanda ba shi da izinin tuƙin dare.

Gwajin gawar Sala ne ya faɗaɗa binciken. An gano iskar kabon monoksaid, irin wadda janareto da garwashi ke fitarwa, ta kama kashi 58 cikin 100 na sinadarin da ke ɗaukar iska a jininsa, adadin da kan sumar da mutum. Hukumar binciken hatsarin jirage ta Birtaniya ta ce a rahotonta na Maris 2020, mai yiwuwa gubar ta taɓa matuƙin ma, wanda ba a samu gawarsa ba.

Iskar ba ta da launi ko wari, kuma tana rikita tunani kafin mutum ya ankara. Shi ya sa hukumar ta nemi a wajabta na'urar gargaɗi a irin waɗannan jirage: ƙwarewa ba ta ceton matuƙin da ya shaƙi guba.